Lidiya da Baƙinta: Sharhi a kan Ayyukan Manzanni 16:11-40

Gabatarwa

Da wuya a yi babban taron Zumuntar Mata a watse ba a ambaci sunan Lidiya ba. Wa'azin da muka saba ji a kanta ga yadda yake tafiya: mace ce mai kasuwanci, mai abin hannu, ta ji bishara ta ba da gaskiya, ta buɗe wa bayin Allah gidanta, saboda haka mata su yi koyi da ita wajen kula da fasto da baƙin ikkilisiya. Babu ƙarya a cikin wannan wa'azi, sai dai bai kai inda nassin ya kai ba. Ya tura Lidiya madafa, ya bar mai wa'azi a kan kujerar wanda ake kawo wa abinci, alhali kuwa shi ne mutum na farko da labarin yake yi wa tambaya.

Ayoyi huɗu kacal Luka ya ba wannan mata: aya 13 zuwa 15, sai kuma aya 40. Abin da za mu nuna a wannan sharhi shi ne, gayyatar da Lidiya ta yi wa Bulus da abokan tafiyarsa gwaji ce ta ɗora musu, kuma komawar da suka yi gidanta bayan sun fito daga kurkuku gwaji ce da ta faɗo a kanta. Tsakanin waɗannan gwaje-gwaje biyu ne aka haifi ikkilisiyar Filibi. Mai karatu ya buɗe Littafi Mai Tsarki a gabansa, mu bi labarin tare.

Garin da suka shiga

Wajen shekara ta 49 ko 50 bayan haihuwar Almasihu ne Bulus da Sila da Timoti suka tashi daga Taruwasa cikin jirgin ruwa, suka bi ta tsibirin Samutaraki, washegari suka sauka a Niyabolis, garin da ake kira Kabala a ƙasar Girka ta yau. Daga nan zuwa Filibi kamar kilomita 15 ne, a kan babbar hanyar da Romawa suka shimfiɗa ta ratsa Makidoniya daga yamma zuwa gabas. Daga aya 10 marubucin ya fara cewa "mu", abin da ya sa tun dā ikkilisiya ta ɗauka Luka kansa yana cikin tafiyar.

Garin ya sami sunansa daga Sarki Filibus na biyu, mahaifin Iskandari Mai Girma, wanda ya kama shi a shekara ta 356 kafin haihuwar Almasihu. A shekara ta 42 kafin haihuwar Almasihu aka gwabza yaƙi a filin da ke kusa da shi, inda Antoniyus da Oktabiyan suka ci waɗanda suka kashe Yuliyas Kaisar. Bayan yaƙin aka zaunar da tsofaffin sojojin Roma a can, aka ba su gonaki. Shi ya sa Luka ya tsaya ya gaya mana cewa Filibi mazaunin Romawa ne. Dokar Roma ake bi, da harshen Latin ake mulki, manyan gari kuwa suna taƙama da zamansu Romawa. A riƙe wannan, domin za mu bukace shi in mun kai aya 40.

Al'adar Bulus ce in ya shiga gari ya fara da majami'ar Yahudawa. A Filibi kuwa sai ga shi ran Asabar a bayan ƙofar gari, a bakin kogi, yana neman wurin addu'a. Sau da yawa mukan ji ana cewa babu majami'a a garin domin ba a sami maza Yahudawa goma ba. Mai yiwuwa ne, amma ƙa'idar maza goma a rubuce-rubucen malaman Yahudawa na baya aka same ta, Luka bai faɗa ba. Abin da ya faɗa shi ne mata suka tarar, suka zauna, suka yi magana da su. A wahayin Taruwasa namiji ne ya roƙi Bulus ya haye ya taimake su. Da ya haye, taron mata ya samu, bai kuma ce zai jira sai mazan sun zo ba.

Abin da nassi ya ce da abin da muka ƙara

Abubuwa huɗu Luka ya gaya mana game da Lidiya: sunanta, garinsu, sana'arta, da matsayinta na ibada.

Mutuniyar Tayatira ce, garin da ake kira Akhisar a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya yi suna da ƙungiyoyin masu sana'a, har da marina. Tayatira tana cikin yankin da ake kira Lidiya tun dā, don haka wasu masana suna ganin sunan nata laƙabi ne na asali, kamar yadda za a kira mace Bakatsiniya har sunan ya bi ta. A tsarin mulkin Roma kuwa garin yana cikin lardin Asiya, lardin da Ruhu Mai Tsarki ya hana su yin wa'azi a cikinsa a aya 6. An rufe musu ƙofar Asiya, sun haye teku, sai ga mutum na farko da ya karɓi maganarsu 'yar Asiya ce. Mukan kira ta Kirista ta farko a Turai, amma Luka bai san wannan kirari ba, kuma tun ranar Fentikos akwai baƙi daga Roma cikin masu sauraro (2:10). Abin da ya fi muhimmanci a labarin shi ne ita ma baƙuwa ce a Filibi. Wadda ta san ɗacin baƙunci ce ta sauke baƙi.

Sana'arta sayar da kayan shunayya. A nan ne masu wa'azi suka fi sakin linzami. Gaskiya ne akwai shunayya mai tsadar gaske da ake samu daga wani dodon koɗi na teku, wadda birnin Taya ya shahara da ita, tufar sarakai da manyan attajirai. Amma akwai kuma mai sauƙin kuɗi da ake haɗawa daga saiwar tsiro, kuma masana da dama suna ganin irin wannan ce marinan Tayatira suke yi. Ban da haka, rini aiki ne mai wari, masu ilimin zamanin kuwa suna raina masu yinsa. Marubucin nan Fulutak ya nuna cewa mutanensa suna sha'awar rinanniyar tufa amma ba sa ganin marini da daraja. Iyakar abin da za mu iya tsayawa a kai shi ne tana da gida da zai ɗauki baƙi, tana da mutane a ƙarƙashinta, kuma ita ce mai yanke shawara a gidan, tun da ba a ambaci miji ba. Wanda ya mai da ita hamshaƙiyar attajira don ya kafa wa'azin wadata a kanta, daga aljihunsa ya ciro wannan, ba daga nassi ba.

Na huɗu, an kira ta mai yi wa Allah sujada. Luka yakan yi amfani da wannan lafazi ga mutanen Al'ummai waɗanda suka jingina da bangaskiyar Yahudawa, suna addu'a ga Allah na Isra'ila, amma ba su zama Yahudawa ba. Irin su na bakin ƙofa ne: an san su, ana gaisawa da su, amma ba 'yan gida ba ne. Wannan matsayi nata shi ne mabuɗin aya 15.

Wanda ya fara buɗe ƙofa

Luka bai kawo mana ko jimla ɗaya daga wa'azin Bulus na bakin kogi ba. Ya ce dai Lidiya tana sauraro, Ubangiji kuma ya buɗe zuciyarta. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita, dianoigo, ita ce ya maimaita sau uku a sura ta ƙarshe ta Bishararsa: an buɗe idanun almajiran Imuwasu (Luka 24:31), an buɗe musu Littattafai (24:32), an buɗe hankalin almajirai a Urushalima (24:45). Aikin da Yesu ya yi da yammacin ranar tashinsa, shi ne yake yi a bakin kogin Filibi.

Tsarin labarin yana koya mana tauhidi. Ubangiji ya buɗe zuciya, aka yi baftisma, sa'an nan aka buɗe gida. Karɓar baƙin da Lidiya ta yi ba kuɗin sayen ceto ba ne, ba kuma ladan mai wa'azi ba ne. 'Ya'yan itace ne, saiwar tana wurin Ubangiji. Mai hidima da ya juya wannan tsari, ya sa mutane su ji kamar sai sun ciyar da shi Allah zai dube su, ya karanta labarin daga ƙarshe zuwa farko.

Gayyata mai sharaɗi

Yanzu mu dubi aya 15 da kyau. Lidiya ba ta ce musu su zo su huta don sun gaji ba. Sharaɗi ta kafa: idan har sun yanke cewa ita mai aminci ce ga Ubangiji, to, su nuna haka ta wurin sauka a gidanta. Kalmar da ke nan ta yanke hukunci ce, krino. Ita ce Yakubu ya yi amfani da ita a taron Urushalima sa'ad da ya yanke cewa kada a ɗora wa Al'ummai masu juyowa ga Allah kaya mai nauyi (15:19). Ita ce kuma aka yi amfani da ita a 16:4 game da ƙa'idodin da manzanni da dattawa suka zartar, waɗanda Bulus da Sila suke bi gari gari suna sanarwa.

Ashe Bulus yana tafe da hukuncin Urushalima a bakinsa: Ba'al'umme mai ba da gaskiya ɗan gida ne. Sai ga mace Ba'al'umma tana cewa, a taƙaice, hukuncin nan ya sauko daga baki ya taka ƙasa. Kun sa ni cikin ruwa, za ku sa hannu cikin akushina?

Kada mu ɗauka tambayar mai sauƙi ce. Sa'ad da Bitrus ya koma Urushalima daga gidan Karniliyas, ƙarar da 'yan'uwa suka kai a kansa ita ce ya shiga gidan marasa kaciya ya ci abinci tare da su (11:3). A Antakiya kuma Bitrus ɗin nan ya janye daga cin abinci da Al'ummai don tsoron mutane, har Barnaba ya bi shi, sai da Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a (Galatiyawa 2:11-14). Rigimar ikkilisiyar farko a kan tabarmar cin abinci ta fi zafi. Yi wa mutum baftisma a kogi abu ne na sa'a guda. Kwana a ɗakinsa da cin tuwonsa shi ne shaidar cewa an zama dangi.

Luka ya rufe ayar da cewa ta matsa musu har suka yarda. Kalmar, parabiazomai, sau biyu kaɗai ta fito a Sabon Alkawari duka, kuma duka biyun daga alƙalamin Luka. Ɗayan wurin shi ne Luka 24:29, inda almajiran Imuwasu suka matsa wa baƙon da ba su gane ba ya kwana wurinsu. Mun san abin da ya biyo baya: baƙon ya ɗauki gurasa ya gutsuttsura, ya zama shi ne mai gida. Da wuya a ce wannan kamanci haɗari ne. Luka yana nuna mana cewa bishara takan shiga gida a matsayin baƙuwa, kuma wanda ya riƙe ta ya hana ta wucewa yakan tarar Ubangiji ne ya sauka.

Matsawar kuma tana nuna akwai ɗan ja da baya daga wajen baƙin. Mun san halin Bulus: a Tasalonika ya yi aiki dare da rana don kada ya nauyaya wa kowa (1 Tasalonikawa 2:9), a Koranti ya yi sana'ar ɗinkin tanti ya ƙi karɓar abin da yake hakkinsa (Ayyukan Manzanni 18:3, 1 Korantiyawa 9:12). Mutum irin wannan bayarwa ta fi masa sauƙi a kan karɓa. A Filibi sai da ya koyi karɓa. Ikkilisiyar nan kuwa ita ce daga baya ya shaida cewa ita kaɗai ta yi tarayya da shi cikin bayarwa da karɓa sa'ad da ya bar Makidoniya, har ta aika masa taimako Tasalonika ba sau ɗaya ba (Filibiyawa 4:15-16). Ba a ambaci sunan Lidiya a wasiƙar ba, amma halin da ta fara da shi ya zama halin ikkilisiyar.

Aya ta 40

Yawancin wa'azinmu a aya 15 yake tsayawa, inda kowa yake murna. Luka bai tsaya nan ba. Bulus ya fitar da aljanin duba daga wata baiwa, iyayengijinta suka ga hanyar samunsu ta toshe, suka ja Bulus da Sila gaban mahukunta. Ba su yi maganar kuɗi a ƙarar ba. Cewa suka yi mutanen nan Yahudawa ne, mu kuwa Romawa ne, suna koyar da al'adun da ba su halatta gare mu ba (16:20-21). A wajen lokacin nan ne Kaisar Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga birnin Roma (18:2), don haka ƙara irin wannan tana da kaifi a garin da yake alfahari da Roma. Aka tuɓe su, aka yi musu dūka da sanduna a bainar jama'a, aka jefa su can cikin kurkuku.

Da gari ya waye aka sake su, mahukunta suka roƙe su su bar garin. Ina suka nufa? Gidan Lidiya. A can suka ga 'yan'uwa, suka ƙarfafa su, sa'an nan suka tafi.

A yi tunani a kan abin da wannan yake nufi gare ta. Baƙuwa ce a garin, mace ce, abincinta kuma yana hannun masu sayen kayanta, mutanen da jiya suka ga an yi wa baƙinta bulala. Bulus da Sila za su tafi, ita za ta zauna. Cewa haɗarin na gaske ne, sura ta gaba ta tabbatar: a Tasalonika, da 'yan tarzoma suka rasa Bulus, mai masaukinsa Yason suka ja zuwa gaban hukuma, laifinsa shi ne ya sauke su, sai da ya ba da jingina aka sake shi (17:5-9). Karɓar mai wa'azi ranar da ya yi maka baftisma abu ne mai daɗi. Karɓarsa da tabon bulala a baya, gari duka yana kallo, shi ne ya nuna ko wace ce Lidiya. A aya 15 ta nemi a yanke ko ita mai aminci ce. A aya 40 ta ba da amsar da kanta, ba tare da an kawo mana ko kalma ɗaya daga bakinta ba.

A lura kuma da kalmar 'yan'uwa. A aya 13 mata ne a bakin kogi, bayan gari. A aya 40 akwai ikkilisiya a cikin gida. Tsakaninsu kuma ga yari, wanda ya wanke raunukan fursunoninsa da tsakar dare, aka yi masa baftisma, ya kai su gidansa ya sa musu abinci (16:33-34). Mace 'yar kasuwa daga Asiya da ma'aikacin hukumar Roma, hanyar tubansu dabam, amma alamar ɗaya ce: ruwa, sa'an nan akushi. Haka ikkilisiya ta rayu shekaru masu yawa kafin ta sami gine-ginenta, a gidan Maryamu uwar Yahaya Markus (12:12), a gidan Akila da matarsa (Romawa 16:3-5), a gidan Nimfa (Kolosiyawa 4:15).

Gargaɗi biyu

Na farko, wani zai ce ai wannan koyarwa za ta buɗe wa masu ci da bishara ƙofa. Damuwar tana da tushe, kuma ba sabuwa ba ce. Littafin nan na ikkilisiyar farko da ake kira Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya kafa doka cewa a karɓi manzo mai yawo kwana ɗaya, ko biyu in akwai bukata. In ya kai uku, ko ya roƙi kuɗi, annabin ƙarya ne. Lidiya ce ta matsa wa Bulus, ba Bulus ne ya matsa mata ba. Duk inda aka ga mai hidima shi ne mai matsawa, an bar Ayyukan Manzanni 16.

Na biyu, kada mu mai da karɓar baƙi aikin mata kaɗai. Kalmar Sabon Alkawari, philoxenia, ma'anarta ƙaunar baƙo, kuma an umarci dukan masu bi da ita (Romawa 12:13, Ibraniyawa 13:2, 1 Bitrus 4:9). Fiye da haka, tana cikin sharuɗɗan zaman shugaban ikkilisiya (1 Timoti 3:2, Titus 1:8). Idan kwamitin zaɓen fasto yana tambayar takardar makaranta amma ba ya tambaya ko ƙofar gidan mutumin a buɗe take, ya tsallake sharaɗin da manzo ya rubuta. Ita kuwa Lidiya, nassi bai nuna ta tana dafuwa ba. Ya nuna ta tana sauraro, tana jagorantar gidanta zuwa baftisma, tana kafa hujja da manzo har ta rinjaye shi.

Ga mai hidima

Ɗan'uwa mai hidima, akwai irin Lidiya a ikkilisiyarka: sabon mai bi da ya fito daga wani addini ko wata ƙabila, wanda aka yi wa baftisma aka tafa masa, amma har yau babu dattijon da ya taka ƙofar gidansa ya sha ruwan randarsa. Yana lura. Ya san gidajen da fasto yake zuwa, ya san waɗanda ake aika wa gaisuwa daga nesa. Zuwa da kai ya fi aike. Yesu ya umarci waɗanda ya aika su zauna a gidan da ya karɓe su, su ci abin da aka sa a gabansu (Luka 10:7-8). Fasto da yake ƙyamar abincin talaka ko na baƙon ƙabila ya yanke hukunci a kansa, ko da bakinsa yana cewa dukanmu ɗaya ne cikin Almasihu.

Akwai kuma aya 40 tamu. A shekara ta 2014, sa'ad da garuruwa irin su Gwoza da Michika da Mubi suka faɗa hannun 'yan ta'adda, dubban mutane suka gudu zuwa Yola da Jos da sauran wurare, kuma mafi yawansu a gidajen jama'a suka sauka, ba a sansani ba. Waɗanda suka sauke su sun san abin da ake nufi da buhun masara ya ƙare kafin lokacinsa. Haka kuma wanda danginsa suka kora saboda bangaskiyarsa, shimfiɗar fuska kaɗai ba za ta ishe shi ba, yana bukatar tabarmar ma, da ɗaki, da sana'a. Ikkilisiyar da ta yi masa baftisma ta ce ya je Allah ya kiyaye, ta karanta aya 15 ta rufe littafin.

Don tattaunawa a aji

1. A cikin wa'azin da ka taɓa yi ko ka ji a kan Lidiya, me aka faɗa wanda ba ya cikin nassi?

2. Rubuta gidajen membobi biyar da ka ci abinci a cikinsu kwanan nan. Me suka yi tarayya a kai, su wa kuma aka bari?

3. Idan yau aka kori sabon mai bi daga gidansu da dare, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa a ikkilisiyarku, kuma wa zai taimaki mai gidan ya ɗauki nauyin?